GA MAI NIYYAR KAI 'YA'YANSA GIDA KALLON HAWAN SALLA

Daga Wakilinmu na Arewa

Kwanakin baya aiki ya kawo ni Ikko, na sauka a Ijora wajen wani dattijo mutumin ƙasar Kano wanda ya fi shekara 30 yana sana'ar goro a nan Kurmi. Bayan sallar lisha muna zaune a ƙofar shagonsa sai ya kira autansa, yaro ɗan shekara 11, ya ce ya zo ya gaishe ni. Yaro ya zo ya tsaya ƙerere, ya miƙo mini hannu, ya yi gaisuwa da Turancin buroka. Na tambaye shi sunan garinsu, ya ce Ijora. Na ce ko ya taɓa ganin doki sanye da lifidi, sai ya waiwaya ya tambayi ubansa da Yarbanci wai mene ne lifidi. Muka yi dariya, amma na lura dariyar dattijon nan iyakarta baki.

Da yaron ya tafi sai ya ce mini, "Malam, laifina ne. Kullum ina cewa baɗi zan kai su, baɗi zan kai su, ga shi yayyensa har sun yi aure ba su san ƙofar gidan kakansu ba." Daga nan muka raba dare yana tambayata yadda zai shirya tafiyar. Na san ba shi kaɗai ke da wannan damuwa ba, akwai irinsa da yawa a Agege da Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago, saboda haka na ga ya kamata in rubuta abin da muka tattauna don amfanin jama'a.

BA MU KAƊAI BA NE

Akwai wata ƙasa a Turai, tsibiri ce yamma da Ingila, sunanta Ailan. Tsofaffin Kano sun san mutanenta, don matan mishan 'yan ƙasar ne suka zo Kano a cikin 1948 suka kafa makarantar 'yan mata ta St. Louis. Ofishin jakadancin da ƙasar ta fara buɗewa a Afirka kuwa, a nan Ikko ta buɗe shi a cikin 1960. Daga 1845 zuwa 1852 yunwa ta auka wa mutanen nan saboda wata cuta da ta kama dankalinsu. Mutum wajen miliyan 1 suka mutu, wajen miliyan 1 kuma suka yi ƙaura. Yau jikokin waɗanda suka fita, a Amurka da Ingila da Ostareliya, sun ninka na gida sau da yawa, harshensu na gado kuwa Turanci ya kusa cinye shi.

To, ba su zauna suna cizon yatsa ba. Duk dogon hutu a kan tura 'yan makaranta ƙauyukan yammacin ƙasar inda harshen ya ke da sauran rai, su zauna a gidajen mutane kamar mako 3, ba a yi musu magana sai da harshen gado. A cikin 2013 kuma gwamnatinsu ta keɓe shekara guda cur tana gayyatar jikokinta na waje su zo ganin gida. Watau sun gane cewa al'ada ba a gadonta a jini, sai yaro ya gani da idonsa, ya ji da kunnensa.

Mu namu ya fi sauƙi, babu teku a tsakani, babu neman biza. Kuma abin nunawa muna da shi. Wanda ke Ijora yana hangen babban ɗakin wasanni na ƙasa da ke Iganmu, inda aka yi bikin Festak a cikin 1977. A lokacin bikin nan, da aka so a nuna wa baƙin duniya hawan dawaki, Kaduna aka kai su. A watan Disamba 2024 kuma hukumar Yunesko ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Baƙi suna biyan kuɗin jirgi daga nesa su zo kallo, ɗan gida kuwa bai taɓa gani ba.

KA TAMBAYA KAFIN KA TASHI

Abu na farko shi ne lokaci. Salla ba ta tsayawa a wata ɗaya na Turawa, kowace shekara ta kan matso baya da kwana 10 ko 11. A cikin 2025 an yi Ƙaramar Salla ran 30 ga Maris, Babbar Salla kuma ran 6 ga Yuni. Ranar kanta sai Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya ba da sanarwar ganin wata, saboda haka ka bar rarar kwana ɗaya ko biyu a lissafinka. Hutun da gwamnati ke bayarwa yawanci kwana 2 ne, hawa kuwa ya kan ɗauki kwana 4 ko 5, ga kuma kwanakin hanya. In yara suna makaranta, ka je ka ga shugaban makarantar tun da wuri ka nemi izini.

Abu na biyu, wanda ya fi na farko muhimmanci, ka tabbatar za a yi hawan. A da ba a wannan tambaya, amma yanzu tilas ne. A cikin 2020 annobar korona ta hana. A Babbar Sallar 2024 da Sallolin 2025 duka biyu, 'yan sanda sun hana hawa a birnin Kano saboda rikicin sarautar da ya taso tun watan Mayu 2024. Na san wani magidanci da ya kwashi iyalinsa tun daga Agege, bai sami labari ba sai da ya isa. Matambayi ba ya ɓata. Ka buga waya gida, ka saurari rediyo, kada ka dogara da abin da ka sani shekara 10 da suka wuce.

In ba a yi a Kano ba, ba shi ke nan ba. A Katsina akwai Hawan Salla, kashegari kuma Hawan Bariki. A Zariya akwai Hawan Salla da Hawan Bariki da Hawan Daushe. A Daura akwai Hawan Magajiya, sa'an nan ga Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal. A watan nan ne kuma Kanawa ke bikin Takutaha, mako guda bayan Mauludi, inda jama'a ke hawa Dutsen Dala.

WACE HANYA ZA KA BI?

Iyayenmu jirgin ƙasa suka sani. Tun 1912 aka haɗa Ikko da Kano da dogo mai tsawon kilomita 1,126. Mutum ya shiga a Iddo, nan kusa da Ijora, ya bi ta Agege, Abekuta, Badun, Oshogbo, Ilori, Jabba, Zungeru, Minna, Kaduna, Zariya, sa'an nan Kano. Jirgin nan ya daɗe a kwance, aka tashe shi a watan Disamba 2012, daga baya ya yi ta tsayawa. Kada ka gina shirinka a kansa sai ka je tasha da ƙafarka ka ji ta bakin ma'aikata. Sabon dogon da aka buɗe a watan Yuni 2021 yana tashi daga Ebute Metta ya tsaya a Agege, amma jirgin fasinjansa iyakarsa Moniya ta Badun. Na Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a cikin 2016, shi ma ka bincika ko yana aiki kafin ka sa shi a lissafi.

Jirgin sama daga Ikeja zuwa filin Malam Aminu Kano awa 1 da rabi ne, ga mai hali. Sauran jama'a kuwa sai mota, tafiyar kilomita 1,000 ko fiye, wadda ta kan cinye yini da kwana. Hanya biyu ce. Ta farko ta bi Badun, Oyo, Ogbomosho, Ilori, ta haye Kwara a Jabba, ta kai Mokwa. Daga Mokwa mutanen Kabi da Sakkwato su kan bi Kwantagora da Yawuri. Masu zuwa Kaduna da Kano kuwa, 'yan fashin daji sun daɗe suna addabar hanyar Birnin Gwari, shi ya sa direbobi da yawa suka koma bin Bida. Ta biyu ta bi Badun, Ife, Akure, Okene, Lakwaja, Abuja, Kaduna, Zariya. Ta fi tsawo. In damina ce ka tambayi lafiyar hanyar Mokwa, don a ƙarshen watan Mayu 2025 ambaliya ta kashe mutum fiye da 150 a garin, ta kuma lalata gada.

Ga gargaɗi, jama'a. Kada arha ta sa ka ɗora iyalinka a kan tirela, bisa kaya ko tare da shanu. Kowa ya san rayukan da aka yi hasara ta wannan hanya. Ka shiga mota a tasha sananniya inda a ke rubuta sunan fasinja da lambar wayar danginsa. Kada ka tsai da mota a bakin titi. In da hali ka zaɓi motar da ke tashi da asuba, ka kuma tashi kwana 4 ko 5 kafin Salla, don ana gobe Salla kuɗin mota ya kan yi tashin gwauron zabo, direbobi kuma suna gudu don su juyo su ƙara ɗauka. Ka nema wa yara kujerar taga. Gadar Jabba da mahaɗar Kwara da Binuwai a Lakwaja darasi ne wanda ba su samu a aji.

TAKARDU, KUƊI DA LAFIYA

Kowane babba ya riƙe katin shaidar ɗan ƙasa. Yara kuwa a riƙe musu takardar haihuwa da katin makaranta, don a shingayen hanya a kan tuhumi mai tafiya da yara da yawa. In ɗan wani ne aka haɗa ka da shi, ka karɓi takarda daga ubansa da lambar wayarsa. Kada ka ɗauki wani abu mai kama da makami, ko da na sana'arka ne. Ba mu manta da matafiya 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo ba a ƙarshen watan Maris 2025, mafarauta ne suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano don yin Salla. Allah Ya jiƙansu. Babu abin da ya halatta abin da aka yi musu, amma matafiyi sai ya kiyaye duk abin da zai ba azzalumi hujja.

Batun kuɗi, tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya daina zama wuri ɗaya, don haka ka je tasha ka ji na yau. Mai hikima ya kan shiga adashi tun watanni kafin azumi. Ka kasa kuɗinka kashi uku: na zuwa, na zama, na komowa. Na komowar nan ka bar shi a banki, kada ka taɓa shi ko da wa ya zo da kuka, don mutumin Ikko in ya je gida kowa gani ya ke da buhu ya zo. Ka riƙe 'yan canji don barka da Salla. Wanda ya ga wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 ya san ba a dogara da hanya ɗaya, a riƙe kati, a riƙe tsaba.

Sai lafiya. A 'yan shekarun nan Sallolin suna faɗawa ne tsakanin bazara da farkon damina. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi a Kano da Katsina da Sakkwato ya kan kai 40 har ya wuce, kuma zafi ne busasshe, ba irin na Ikko mai gumi ba. Yaro sai ya bushe ba a sani ba. A yawaita ba shi ruwa mai tsabta, a riƙe garin gishiri da sukari na gudawa, a riƙe man shafawa don leɓe da ƙafa. Lokacin nan ne kuma na sanƙarau da ƙyanda. Ka kai yara asibiti makonni kafin tafiya a duba katinsu na rigakafi, kuma kada a cusa su ɗaki ɗaya babu iska. In damina ce, gidan sauro tilas ne. Fura da nono kuwa a fara musu da kaɗan, ciki sai ya saba.

MASAUKI DA TSARABA

Ka aika gida tun da wuri cewa kana tafe, da ku nawa ne. Ko da kana da kuɗin otal, ka sauke yara a gidan dangi, don abin da ka kawo su gani a tsakar gida ya ke: daka, tuyar waina, kitso da lalle na jajibere, hirar kaka da dare. Tsaraba ba sai mai tsada ba. Goro, manja, gari, kwakwa, burodin Agege, turmin atamfa ga tsohuwa, sun isa. Ka ba yaro ya miƙa da hannunsa. In za ku komo ku riƙo kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da man shanu da kilishi, ku kuma tuna da maƙwabtanku Yarbawa, don su ma suna da hakkin tsaraba.

RANAR HAWA

Bari in ɗauki tsarin Kano misali, a shekarar da aka yi hawa. Ranar Salla da safe Sarki ya kan tafi Idi a Ƙofar Mata da ƙafa, ya komo bisa doki. Kashegari da la'asar Hawan Daushe, shi ne ya fi kowanne ƙayatarwa. Sarki ya kan je Babban Ɗaki ya gai da mahaifiyarsa, ya zagayo ya tsaya a Ƙofar Kudu, hakimai su zo ɗaya bayan ɗaya su yi jafi. Rana ta uku da safe Hawan Nasarawa, inda Sarki ke zuwa Gidan Gwamnati, ya biyo ta Sabon Gari ya gai da baƙi mazauna Kano. Wannan ya kamata ɗan Ikko ya gani, ya san cewa yadda ya ke baƙo a Kurmi haka wasu su ke baƙi a garinsu, kuma ana girmama su. Hawa na ƙarshe shi ne wanda a ke fita Ɗorayi ko Fanisau.

Ku fita da wuri, don a kan rufe hanyoyi. Tun watan Janairu 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano, sai a-daidaita-sahu, ita ma ba ta kaiwa bakin fada ranar hawa. Ku nemi wuri mai tudu ko benen wani ɗan'uwa, nesa da inda dawaki ke sukuwa. Ka rubuta sunan yaro da unguwar da kuka sauka da lambar wayarka, ka sa masa a aljihu. Ka faɗa masa tun a gida cewa za a buga bindigogin gargajiya, kada ya firgita. Aljihunka kuma ka kula da shi, taro ba ya rasa ɓata-gari.

Kada ka bar shi ya yi kallon ƙuda. Ka nuna masa, ka faɗa masa suna: waɗannan dogarai ne masu ja da kore, waɗancan 'yan lifida ne, ga 'yan sulke, ga kakaki, ga algaita, ga tambari, ga laimar Sarki, ga tagwayen masu. In kai ma ka manta, ka tafi da wani tsoho.

BAYAN HAWA

In ƙura ta lafa ku ɗauki kwana 2 ku zaga gari. Ku hau Dala da sassafe ku hangi birni. Ku shiga Gidan Makama ku ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da hotunan zuwan Turawa a cikin 1903. Ku je karofin Ƙofar Mata ku ga yadda a ke rini da baba, ku shiga Kasuwar Kurmi wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Yaron da ya san filin jirgin saman Ikeja da takardar naira 20, ka faɗa masa Janar Murtala Muhammed Bakano ne, kuma a Kano aka binne shi a cikin 1976. Wanda ya san dandalin Tafawa Balewa, in kun je Katsina ka kai shi tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a cikin 1922, inda Abubakar Tafawa Balewa da Sardauna Ahmadu Bello suka yi karatu, sa'an nan ku ga Hasumiyar Gobarau. A Daura akwai rijiyar Kusugu, a Sakkwato akwai Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wanda ya rasu a cikin 1817.

LADABI

Wannan tun a Ikko a ke fara shi. Wata guda kafin tafiya a daina magana da yara sai da Hausa. A koya musu gaisuwar safe da ta yamma, da durƙusawa gaban babba, da sallama kafin shiga gida, da tuɓe takalmi, da karɓar abu da hannun dama. Su san wace ce gwaggo, wace ce inna, wane ne kawu, wane ne baffa. 'Yan mata a tanadar musu mayafi, samari kaftani da hula, don suturar da ba a kallo a Ikko, a Kano za a kalle ta.

Ku kuma mutanen gida, ina da roƙo gare ku. In yaro ya zo yana karya Hausa, kada ku mai da shi abin dariya, kuna kiransa Bayarabe ko ɗan Kurmi. Wasa ne a wajenku, amma shi sai ya kama bakinsa, baɗi kuma ya ce ba ya zuwa. Ku gyara masa a hankali, ku kuma tambaye shi labarin teku da gadoji, shi ma yana da abin da zai koya muku.

Kafin in bar Ijora dattijon nan ya ce mini ya yanke shawara, zai fara ajiye kuɗin mota daga cinikin makon nan, zai kuma buga wa ƙanensa waya ya ji inda za a yi hawa. Na ce masa ya yi daidai, zumunta a ƙafa ta ke. Wanda duk ke da irin wannan niyya, Allah Ya hore masa, Ya kai shi lafiya, Ya komo da shi lafiya, amin.